Tsofaffin Motocin Zahir da Hukuncin Tsintuwa

Gaisuwa mai yawa ga sarakunan zango da limamai da manyan fatake, daga 'yan'uwanku mazauna unguwar Zahir, cikin Makka mai alfarma.

Bayan haka, maganar tsofaffin motoci ce ta sa muka ɗauki alƙalami. Duk wanda ya zauna Zahir ko Jarwal ya san su. Sai ka bi lungu ka tarar da Marsandi ko GMC tun ta zamanin Sarki Faisal a gindin bango, tayoyi sun sace, ƙura ta rufe gilashi har yara na koyon rubutu a kai da yatsa. Hukumar gari takan manna wa irin wannan takardar gargaɗi, in mai ita bai fito ba a ja ta. Da yawansu ƙarshensu wurin da Larabawa ke kira tashlih, watau mahautar motoci, inda ake feɗe mota a sayar da ita gaɓa gaɓa.

To, akwai samarinmu kanikawa da ransu ke biyawa, kuma ba mu ga laifinsu ba. Sun ce ƙasar nan ba ta da raɓa, saboda haka tsatsa ba ta cin jikin mota kamar yadda take yi a Kumasi ko Ankara. Abin da rana ke kashewa shi ne roba da fenti da wayoyi. In aka sake waɗannan, aka wanke tanki da kafireto, aka zuba sabon mai, sau da yawa injin da ya shekara ashirin yana barci sai ya yi tari ya tashi. Su kan zo makaranta bayan la'asar su ce, "Malam, motar da ba mai ita, in mun ja ta mun gyara, ta halatta?"

Amsar da muke ba su ba ta yi musu daɗi. Mota ko ta ruɓe tana da mai ita, in ya mutu tana da magada, cikinsu kuwa wataƙila har da marayu. In ma an ɗauke ta a matsayin tsintuwa, abin da muka karanta a Risala shi ne a yi cigiya shekara guda. Sa'an nan Zahir tana cikin Harami, don iyaka sai can Tan'im, tsintuwar Harami kuwa an tsananta a kanta, har Imamu Shafi'i yana ganin ba a mallakarta ko bayan shekarar, sai dai a yi ta cigiya. Ga kuma dokar ƙasa, wadda ba ta san mai mota ba sai wanda sunansa ke kan istimara. Hanya ɗaya ce: a bi lambar, a tambayi dattawan layi, a sami mai ita ko magadansa, a yi ciniki gaban shaidu, a juya takarda. Wannan cigiya ta fi gyaran injin wuya, amma da ita ake farawa.

Yawan wannan tambaya ya sa muka lura da wani abu. Larabawa sun iya adana kayan sarakunansu. Fadar da ke nan Zahir, wadda aka fara ginawa a 1946, daga baya gidan tarihi aka mai da ita. Motocin Sarki Abdul'aziz kuma an killace su a Riyad. Ko Rolls-Royce ɗin da Cocil na Ingila ya yi masa alkawari a 1945 labarinta bai ɓata ba, alhali Sarki bai so ta ba, don sitiyarinta na dama, shi kuwa gaba yake zama, ba ya yarda direba ya zauna damansa.

Mu fa, ina motar da ta kawo iyayenmu? Kafin jirgin sama ya yawaita, a bayan Bedford mai bodin katako suka zauna bisa buhuna, daga Kano zuwa Maiduguri, Fort Lamy, Abeshe, Janaina, Fashir, Lubayya, har Hartum, kana su gangara bakin Bahar Maliya su haye zuwa Jidda. Wani wata shida, wani shekaru, wani kuwa a hanya aka binne shi. Yaran da muke koya wa allo yau, jikokin mutanen nan ne, amma in ka ce Bedford sai su yi zuru.

Ga roƙonmu gare ku. An daina ƙera ta a Ingila tun da daɗewa, kullum kuwa 'yan gwangwan suna awon abin da ya rage da kilo. Ku da ke kusa da Magazin ta Suame, ku sa a duba ko akwai guda da ƙashinta bai karye ba. Ƙungiya ta saya daga hannun mai ita da shaidu, kanikawan zango su tashe ta, kafintoci su yi mata bodi, a ajiye ta kusa da masallaci. Dattawa su kawo sunayen waɗanda suka yi hajjin ƙasa daga kowane gida, da waɗanda suka komo da waɗanda ba su komo ba. Rubuta su da ajami a jikin katakon, wannan mu muka ɗauka, kuma kuɗin fenti na hannunmu.

Haza wasalamu.