Na'ura ta ce lafiya lau

Sau uku ƙanena yana faɗuwa a gonar albasa a Goronyo kafin Baba ya yarda mu kai shi Sakkwato. Aka manna masa wayoyi a ka, ana haska masa fitila mai walƙiya, na'ura tana rubuta amsar da ƙwaƙwalwarsa ke bayarwa. Ba a ga komai ba. Baba ya ce, "Ai na faɗa, iska ce."

Likita ta ce, "A'a Baba, minti talatin kawai na'urar ta gani, farfaɗiya kuwa ba ta sa rana." Bidiyon da na ɗauka ranar da ya faɗi, wanda na sha faɗa a kansa, shi ta kalla ta rubuta magani. Har yau ba ma barinsa zuwa bakin dam shi kaɗai.