Gwiwar Saniya a Teburin Likita

Na yi shekaru ina aikin jinya a ɗakin duba masu ciwon ƙashi na wani babban asibiti a Kano, a ƙarƙashin wani likita da ba ya rubuta magani sai ya gama bayani. Ranar duba masu ciwon gwiwa, da sassafe yakan biya wajen mahauta ya sayo gwiwar saniya, ya sa a tsaga masa ita. Ni nake ɗora ta a faranti in ajiye a gabansa.

Zai nuna wa marar lafiya farin guringuntsin nan mai santsi da ya lulluɓe bakin ƙashi, ya ce a shafa. Sai ya sa wuƙa ya kankare gefe guda har ƙashi ya fito, ya goga shi da ɗan'uwansa. Na tuna wata dattijuwa da ta zo tana rantsuwa cewa jifa aka yi mata. Bai musa mata ba. Ya goga ƙashin a kusa da kunnenta, ya ce: "Hajiya, kin san wannan ƙarar?" Ta dafe ƙirji, ta ce ita take ji duk sa'ad da za ta miƙe daga sujada. Daga nan ne ta yarda ta saurara.

Abin da ya fi nanatawa shi ne guringuntsi ba shi da jijiyar jini. Ruwan da ke cikin gaɓa ne ke ciyar da shi, shi ma sai gwiwa ta motsa. Don haka wanda ya kwanta yana lallaɓa ƙafa, cutar yake ƙarawa. Mukan zaunar da marasa lafiya a tabarma, mu naɗe tawul ƙarƙashin gwiwa, su danna shi su ƙirga goma, safe da yamma, har naman cinya ya yi ƙarfi. Masu jiki kuwa yakan faɗa musu sakamakon wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2005: duk kilo 1 da mutum ya rage, gwiwa takan huta da nauyin kusan kilo 4 a kowane taku.

Ya san inda ciwon yake taɓa mutanenmu. Na ga dattijo yana hawaye, ba don zafi ba, don ya kasa durƙusawa a sahu. Likita ya ce masa, "Baba, addini ya yi sauƙi, ka tambayi limaminku hukuncin salla a zaune." Ya zana masa kujera mai rami da kafinta zai yi masa ya ɗora kan masai, ya kuma gyara masa riƙon sanda: a hannun da ke ɓangaren lafiyayyar ƙafa ake riƙe ta.

Abu ɗaya ke ɓata masa rai, haɗin ƙwayoyin da ake ƙullo wa tsofaffi a leda, dexamethasone da diclofenac. Zafi ya lafa, amma fuska ta kumbura, suga ya hau, gyambon ciki ya biyo baya, ƙoda ta raunana. Haka kuma yakan ja kunne cewa gwiwar da ta kumbura ta yi zafi rau, ga zazzaɓi, ba ta tsaga ba ce, ba ta mai ɗori ba ce. Mai yiwuwa mugunya ce a ciki, kuma cikin 'yan kwanaki takan cinye gaɓa.

Layinmu ya fi na kowa tafiyar hawainiya, ana ta guna-guni. Ni dai har gobe ina bayansa, domin na ga waɗanda suka fahimci ciwonsu suna dawowa da ƙafarsu, har suna koya wa na kusa da su a benci yadda ake naɗe tawul. Waɗanda guringuntsinsu ya ƙare ƙaf kuwa, yakan rubuta musu takarda zuwa Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka kafa a 1959, domin a duba yiwuwar sa musu gwiwar ƙarfe. Kafin su tafi sai ya kira 'ya'yansu, ya faɗa musu cewa aikin yana da tsada, kuma bayansa akwai watanni na motsa ƙafa da wani zai tsaya ya taya su.