Ƙugin Tayar Baya

Cikin koke-koken da mota kan yi wa mai ita, babu wanda aka fi rainawa kamar ƙugin tayar baya. Ba ya hana tafiya, ba ya tada hayaƙi. Wata ƙara ce ƙasa-ƙasa, kamar ta jirgin sama mai wucewa can nesa, wadda kan tashi in an taka mota, ta lafa in an sassauta, har kunne ya saba da ita.

Haka wani direba mai jigila tsakanin Zariya da Funtuwa ya yi ta fama da ita tun ƙarshen damina. Motar tsohuwar Fijo 504 ce mai dogon baya, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975. Ba tasa ba ce, kullum magariba sai ya kai wa mai ita kuɗin yini, saboda haka maganin da ya samo wa ƙarar shi ne ƙara muryar rediyo. Sai da wata dattijuwa a kujerar baya ta ce ƙugin ya sa mata ciwon kai, sa'an nan kunya ta kai shi gareji.

Yaran gareji, da yake hannunsu ya fi kunnensu sauri, nan take suka ce taya ce, suka ɗauko jak. Maigidansu, wani dattijon bakanike, ya tsawata musu, ya shiga baya ya zauna, ya ce da direba su hau kwalta.

Da mota ta ɗauki gudu, ya sa aka jefa giya a firi. Injin ya yi laƙwas, ƙugi bai fasa ba. Ashe ba ruwan injin. Aka mayar da giya, ya ce a taka totur, a saki, a kuma takawa. Dalili kuwa, ita 504 da tayoyin baya take ja, kuma haƙoran da ke tsakiyar gatarin baya, masu raba wa tayoyin ƙarfi, in sun ci sukan sake murya tsakanin takawa da saki. (Yawancin ƙananan motocin yau da gaba suke ja, ba su da wannan abin zargi a baya.) Murya ba ta sake ba. Saura taya da boris, kuma a nan ne akan yi asarar kuɗi a banza, domin kukansu ya yi kama ƙwarai. Tayar da ta ci ba daidai ba takan bi halin hanya, ta yi amo a kan kwalta mai kaushi, ta rage a kan mai laushi. Boris ba ruwansa da kwalta, nauyi shi ne abokin gabarsa.

Don haka da suka sami fili ba mota gaba ba mota baya, dattijo ya ce a ɗan karkata sitiyari hagu, a dawo dama, a hankali. Mota in ta karkata hagu, nauyinta dama yake komawa. Aka yi hagu, ƙugi ya ƙaru. Aka yi dama, ya kusa ɗaukewa. Suka tsaya, ya kara bayan hannunsa kusa da cibiyar kowace taya: ta hagu ɗumi, ta dama kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Sai a lokacin ya yarda a sa jak. Ya juya tayar da hannu, ana jin gurzo kamar an zuba tsakuwa a ciki.

Da aka kwance, maikon boris ya zama jar laka. Ruwan damina ya kutsa ta robar da ta tsufa, tsatsa ta ci ƙwallayen ƙarfen, lodin buhuna da ramukan hanya suka ƙarasa.

Direba ya marairaice, ya ce Baba a lallaɓa masa ya yi mako guda, ga biki ya matso, fasinja sun yi yawa. Roƙonsa ba na wauta ba ne, wanda ya san zafin kuɗin yini ba zai yi masa dariya ba. Amma boris da ya kai ga zafi ba ya yin alkawari. Yana iya cijewa a tsakiyar gudu, tayar ta ƙame ko ta fita, da rayuka bakwai a ciki, Allah Ya kiyaye. Dattijo ya ce shi dai hannunsa ba zai mayar da wannan ƙarfe ba, in kuɗi ne a biya shi bayan biki.

Aka sayo sabo. Wani yaro ya ɗaga guduma zai buga shi ya shiga, dattijo ya riƙe masa hannu, domin bugu kan bar tabo a mazaunin ƙwallayen, ƙugi ya dawo kafin wata damina. Ya aike shi da shi wurin masu injin matsewa, can bayan tasha.