Zagaye A Kasuwar Tudun Wada: Gishiri Da Hawan Jini

Yau ɗauko mayafinki ki raka ni cefane Tudun Wadar Zariya, unguwar da ta kafu a wajen ganuwa tun zamanin Turawa, inda baƙi daga sassan Arewa suka zauna. Idan kin fito birni ta Ƙofar Doka, to kin shigo ke nan. Nan ne tsohon Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yake, kafin babban asibitin ya koma Shika a 2005.

Abin da ya sa na jawo ki nan shi ne wata ɗalibata a ajin matan aure, mai 'ya'ya shida, wadda ta faɗi a bakin murhu, ɓarin jikinta ya shanye. Da aka auna, ashe ta daɗe da hawan jini ba ta sani ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa mutum 1 cikin manya 3 yana da wannan ciwo, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba. Tun daga ranar nake kallon kasuwarmu da wani ido daban.

Mu fara tsayawa wajen masu kayan miya. Ga gishiri a mudu, ga dunƙulen magi a leda, ga kanwa a gefe. Dukkansu suna ɗauke da sinadarin sodiyam, wanda idan ya yi yawa yakan riƙe ruwa a jiki, jini ya ƙaru, ya riƙa matsa wa jijiyoyi da zuciya. Hukumar ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi, har da wanda ke ɓoye cikin burodi, yajin tsire da ɗanɗanon taliyar leda. Shi kansa magi kusan rabinsa gishiri ne. To ke nawa kike jefawa a tukunya ɗaya?

Matso gaba wajen masu kifi. Mutanen bakin teku, kamar na Gana, sukan adana kifi cikin gishiri, shi ya sa ake koya musu jiƙa shi a zubar da ruwan kafin a dafa. Mu ma darasin ya shafe mu, domin kifin gwangwani da gishirinsa yake zuwa. Gara ki ɗauki ɗanyen kifi ko na ƙanƙara, ki dafa da kanki.

Yanzu ga inda nake so ki daɗe, layin masu ganye. Zogale, alayyafo, rama, kabewa, tumatir, ga wake, dankali da ayaba, duk suna da sinadarin fotasiyam mai taimaka wa jiki fitar da gishiri, sai dai mai ciwon ƙoda ta fara tambayar likita. Ki haɗa da daddawa, citta, tafarnuwa, masoro da albasa, miya za ta yi ƙamshi ko da magi kaɗan ne. Ki riƙa ragewa a hankali, cikin 'yan makonni harshen maigida da na yara zai saba.

Kafin mu hau Keke Napep, ki leƙa kemis ko asibiti a auna ki. Idan awo ya kai 140/90 a ranaku daban-daban, ki ga likita, musamman mai juna biyu, saboda haɗarin jijjiga. Wadda kuma aka ɗora a kan magani kada ta bari don ta gyara girki, a haɗa su biyun ne.

Ɗalibar tawa ta fara takawa da sanda, ta kuma ce in gaya miki ki je awo tun kina kan ƙafafunki. Allah Ya ba ta lafiya, Ya kare mu da iyalanmu, amin.