Ashe kadanmu ba kadan Nilu ba ne

Jiya wani ya turo min bidiyon wasu matasa sun kama kada a bakin rafi bayan ruwa ya ja, suna ta saransa da adda, ana ihu ana dariya. Wallahi raina ya ɓaci, bari in faɗa muku dalili.

Mun taso muna jin cewa kadan kogunanmu shi ne kadan Nilu, wanda ya cika Afirka. A 2011 wata masaniya Ba'amurkiya, Evon Hekkala, da abokan aikinta suka gwada ƙwayoyin gado, wato DNA, na kadoji daga sassan Afirka, har da gawarwakin da Misirawan dā suka busar suka adana. Sai ga shi iri biyu ne. Namu na Afirka ta Yamma jinsi ne mai zaman kansa. Kai, kadan Nilu ma ya fi kusanci da kadojin nahiyar Amurka a kan namu! Wani Bafaranshe, Geoffroy Saint-Hilaire, ya faɗi bambancin tun 1807, aka share shi kusan shekara 200.

Yaya ake ganewa? Ku ɗauka littafi ne ake ta kwafa da hannu. Duk wanda ya kwafa daga wani, zai gaji kurakuransa, ya ƙara nasa. In ka tara kwafe-kwafen, kurakuran za su nuna maka wa ya ɗauka daga wa. Haka DNA take. Yawan bambanci shi ke nuna daɗewar rabuwa.

To ina ruwanmu? Muddin ana lissafa kadanmu cikin na Nilu, sai a ga kamar akwai shi jingim, babu abin damuwa. Da aka ware shi, lissafi ya canza. In ya ƙare a yankunan da yake, ba a Kenya ko Zambiya za a samo madadinsa ba. A duwatsun Ennedi na Chadi 'yan tsiraru ne suka rage a wani tafki.

Ban ce kada abokin wasa ba ne, wanda ya taɓa rasa akuya ko ɗan'uwa a ruwa ya fi ni sani. Amma in ya fito, a janye yara, a kira ma'aikatan gandun daji. Daga kadduna aka samo sunan Kaduna fa. Kar jikokinmu su gaji sunan kawai.

Allah Ya sa mu gane.