Jinja: Garin da Kogin Nilu ke fara tafiyarsa

Duk ɗalibin da ya yi darasin labarin ƙasa ya ji sunan Kogin Nilu, mai tsawon kimanin kilomita 6,650. Amma kun san inda yake fitowa? A wannan makon za mu kai ku Jinja, wani gari da ke ƙasar Yuganda, inda muka yada zango a tafiyar mota da muka yi daga Kamfala zuwa iyakar Kenya.

Daga Kamfala zuwa Jinja kilomita 80 ne ko kusa da haka, sai dai cunkoson manyan motoci kan sa tafiyar ta ɗauki sama da awa biyu. Hanyar ta ratsa gonakin rake na Lugazi da dajin Mabira mai duhun itatuwa. Daf da shiga gari muka hau sabuwar gada mai igiyoyin ƙarfe da aka buɗe a shekarar 2018. Daga kanta muka fara hango Nilu, ruwa shuɗi yana gangarawa arewa.

Sunan garin ya samo asali ne daga kalmar dutse a harshen mutanen yankin. A tsakiyar gari akwai tsofaffin shaguna masu baranda da 'yan kasuwar Indiya suka gina, kafin Idi Amin ya kori 'yan Asiya a 1972. 'Yan acaɓa, waɗanda suke kira boda-boda, sun cika titi. A bakin hanya muka ci Rolex. Kada ku ce agogo muka haɗiye, waina ce ta fulawa da ake naɗe soyayyen ƙwai a ciki.

Da la'asar muka sa rigar kariya muka shiga kwale-kwale mai inji. Cikin mintuna kaɗan muka isa inda ruwa ke barin Tafkin Biktoriya ya zama kogi. Masunta na jefa birgi suna kama karfasa, tsuntsaye kuma na jiran rabonsu. Daga nan ruwan zai bi ta Sudan ta Kudu, ya haɗu da reshen da ya taso daga Habasha a Khartum, ya wuce Masar har Bahar Rum. A gaɓa akwai mutum-mutumin Mahatma Gandhi, saboda an watsa wani ɓangare na tokar gawarsa a wannan ruwa a 1948.

A ɗaya gaɓar kuma akwai hasumiyar tunawa da John Hanning Speke, Baturen Ingila da ya iso nan a 1862. Littattafai na cewa shi ya gano tushen Nilu. To amma Basoga da Baganda sun daɗe suna su a kogin, suna kiransa Kiira. Kamar dai yadda aka koya mana cewa Mungo Park ne ya gano Kwara, alhali mutanen Yawuri da Busa a bakinsa aka haife su.

Gangaren ruwan da Speke ya gani babu shi yanzu. Madatsar lantarki da aka kammala a 1954 ta nutsar da shi. Haka gangaren Bujagali ya shafe sa'adda aka gina wata madatsar mai megawat 250, wadda ta fara aiki a 2012. Ƙasa ta sami wuta, masana'antu sun motsa, amma wuraren da mutanen yankin ke girmamawa tun kaka da kakanni sun tafi ƙarƙashin ruwa. Mu da muka san yadda Kainji ya tashi tsohuwar Busa, wannan labari ba baƙo ba ne a wurinmu.

Ga aiki gare ku, 'yan makaranta: ku ɗauko taswirar Afirka, ku bi Nilu da yatsa daga Jinja zuwa teku, ku ƙirga ƙasashen da ya ratsa. Sannan ku tambayi dattawan garinku sunan da kakanninku ke kiran kogin da ke kusa da ku, da yadda yake a zamanin ƙuruciyarsu, ku rubuta kafin a manta.