Hubbaren Cecilia Metella a Bakin Hanyar Appia

Dokar Rumawa ta farko, wadda aka zana a alluna 12 wajen shekara ta 450 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), ta hana binne gawa ko ƙona ta a cikin birni. Saboda haka manyan gidajen Roma suka fitar da matattunsu bayan ganuwa, suka jera su a bakin hanyoyin da fatake da mayaƙa ke bi. Wadda aka fi rububin samun fili a gefenta ita ce hanyar Appia, wadda Appius Claudius ya fara shimfiɗawa a shekara ta 312 kafin haihuwar Annabi Isa, daga Roma zuwa Capua, daga baya aka kai ta Brindisi a bakin teku.

Baƙon da ya fita ta ƙofar San Sebastiano ya nufi kudu zai yi tafiyar kamar kilomita 3 kafin hanyar ta fara hawa tudu. Tudun nan shi ne ƙarshen narkakken dutsen da ya kwararo daga duwatsun Albano tun kafin a san da Roma, ya daskare a wurin. A kansa ginin yake, kewayayye kamar ƙaton rumbu, faɗinsa kusan mita 30, tsayin kewayen mita 11, yana zaune kan dandamali mai kusurwa huɗu. Wanda ya zaɓi filin ya san abin da yake yi, domin mai tahowa daga birni dole ya ɗaga kai.

Kalmar kabari ko kushewa ta yi wa wannan gini kaɗan. Hubbare ta fi kusa, ko da yake Bahaushe na jin ƙanshin waliyyai da neman albarka a cikinta, shi kuwa wannan an gina shi ne domin idon mai wucewa, a farkon zamanin Sarki Augustus.

Allon marmara da ke fuskantar hanya layi uku kacal gare shi. Abin da ya ce shi ne ginin na Cecilia Metella ne, 'yar Quintus Creticus, matar Crassus. Bai faɗi shekarunta ba, bai ambaci halinta ba, alhali Rumawa sun saba yabon matansu a kan kaburbura da kamun kai da iya kaɗi. Uban nata ya riƙe sarautar consul, mafi girman muƙami a jamhuriyar Roma, a shekara ta 69 kafin haihuwar Annabi Isa, ya kuma ci tsibirin Kirit da yaƙi, daga nan ya samo laƙabin Creticus. Mijin, a ra'ayin yawancin masana, ɗa ne ga Crassus, attajirin da ya yi tarayyar mulki da Kaisar da Pompey. A saman allon an sassaƙa ganimar yaƙi: garkuwoyi da wani kamamme a ɗaure. Duk mai nazarin kirari zai gane tsarin, wato a kira suna, a jingina shi da uba, a tuna garin da aka ci. Sai dai a nan sunan mace aka kira, abin da aka yaba kuwa duk na maza ne. Gidaje biyu ne suka yi wa kansu kirari da dutse, mutuwarta ta ba su dalili.

Daga ciki abin ya fi taɓa zuciya. Siririn lungu ne ke kai baƙo zuwa ɗakin tsakiya, na jan bulo, wanda ke ƙara tsukewa yayin da ya yi sama, rufinsa a buɗe. Kaurin bango ya cinye mafi yawan ginin, ɗakin kuma wayam yake. Akwatin gawar marmara da ke fadar Farnese, wanda aka daɗe ana cewa nata ne, masana sun nuna an sassaƙa shi fiye da shekaru 100 bayan rasuwarta.

Yawancin kaburburan da ke maƙwabtaka da shi sun zama tsibin kankare, an ɓamɓare duwatsunsu an yi gini da su, har dandamalin wannan ma bai tsira ba. Abin da ya ceci sauran shi ne amfaninsa ga masu ƙarfi. Wajen shekara ta 1303 gidan Caetani, dangin Fafaroma Boniface na Takwas, suka mayar da shi hasumiyar tsaro, suka ɗora masa zankwaye, suka kewaye shi da ganuwar da ta haɗiye hanyar, suka shiga karɓar fito daga matafiya. Majami'ar San Nicola da suka gina a tsallaken hanya tana nan ba rufi. A shekara ta 2024 hukumar UNESCO ta sanya hanyar Appia cikin kayan tarihin duniya.

A ƙasa da zankwayen nan akwai zobe na sassaƙa da ya zagaye ginin, ƙoƙunan kan shanu ne da igiyoyin furanni a tsakaninsu. Mutanen tsakiyar zamani da ke noma da kiwo a wurin su suka fi gani, da su kuma suka raɗa wa yankin suna Capo di Bove, wato Kan Sa, sunan da unguwar ke amsawa har yau.